Sassaƙen Farar Ƙaya a Dutsen Ɗa'ifa

Duk shekara idan zafi ya kai maƙura a Jidda, har bangon ɗaki ya soma gumi, masu barshumi sukan fito bakin titi da tirensu. Barshumi 'ya'yan wani tsiro ne mai ƙaya da ake saukowa da shi daga duwatsun Ɗa'ifa. Mai sayarwa zai datse kai, ya datse gindi, ya tsaga ɓawon da wuƙa, ya miƙo maka cikin da sanyinsa. Shekaranjiya aka kawo mini shi a faranti, an riga an ɓare. Na ɗauki ɗaya na kai hanci, ƙanshin nan mai kamar ɗanyar ciyawa ya shige ni, sai na ji bayan motar baffana, na ji ƙarar kwanduna suna gugar juna. Na ajiye shi ban ci ba. Mai karatu, zauna in ba ka labarin abin da ya faru tsakanin kakata da autanta, Allah ya jiƙansu su duka biyun.

A Nuzla, wata unguwa ta Jidda, aka haife ni, lokacin da yawancin gidajenmu na kwano ne da katako. Ruwa sai an je bazan, wato famfon unguwa, ko a jira saƙƙa, wato ɗan garuwa, ya zo da garwa biyu a sanda. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, da yamma kuma ya tara mu ya biya mana allo, shi ya koya mini rubutun ajami a kan takardar buhun siminti. Kaka, mahaifiyarsa, tana ɗakin da ke kusa da ƙofa. Da ƙafa ta baro ƙasar Hausa ita da mijinta da niyyar hajji. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, a can mijin ya rasu, ya bar ta da mahaifina yana yaro da kuma jariri a baya. Haka ta ƙetaro teku da su. A Jidda ta yi wankau a gidajen Larabawa har fatar hannunta ta koɗe, ta sayar da gyaɗa soyayya a bakin hanya, ta raini 'ya'yan nan biyu. Tana da zane a kumatunta irin na garinsu. Larabcinta kuwa a karye yake har ta koma ga Allah.

Jaririn nan da ta goyo shi ne baffana. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, Auta take ce masa. Idan ya shigo gida, kafin ya gama sallama za ka ji ta daga ɗaki: "Auta, ka ci abinci kuwa?" Ko da ya ce ya ci, sai ta fito da ɗan abin da ta ɓoye masa. Mahaifina yakan yi dariya ya ce shi dai tsintar sa aka yi a hanyar Sudan.

Baffa ya tashi da kaifin kai. Ya iya Larabci irin na 'yan gari, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya koyi tuƙi, har Allah ya hore masa babbar mota yana ɗauko inabi da rumman da barshumi daga ƙauyukan dutse yana kawowa kasuwar kayan marmari. Ya bar Nuzla ya kama gidan bulo. Farar jallabiyarsa kullum a goge, ƙanshin turare na binsa. Ni dai a lokacin ban san wani mutum da ya fi shi kyau ba.

Shekarar da abin ya faru, ɗansa na fari yana haƙori, zawo ya kama shi, zafin Jidda kuma ya ƙara rafke shi. Matar baffa, Bahaushiyar Sudan ce mai sanyin hali, ta rasa yadda za ta yi. Aka ba su shawara su kai yaron dutse ya sha iska. Kaka ta ce ƙafarta ƙafar jikanta. Baffa ya yi ta kawo dalilai, hanya ba kyau, mota ba wurin zama, can akwai sanyi. Ta ce wadda ta taka daga ƙasar Hausa zuwa bakin teku ba za a tsorata ta da hanyar yini guda ba. Ta ɗaure ƙunshinta, ta jefa ɗan gizagonta a ciki kamar yadda ta saba duk inda za ta, ta ce in zo in riƙe mata buta. Abin da baffa ya iya cewa kawai shi ne: "Iya, in mun je, ki rage magana da mutane." Ta ɗauka tausayin ta yake ji saboda Larabcinta.

A wancan zamani ba a fasa hanyar da ke hawa fuskar dutsen ba tukuna, sai an zagaya ta kwari. Muka yi ta tafiya a bayan mota cikin kwanduna, ƙasa tana canja launi, iska tana canja ɗanɗano. Ni da ban taɓa sanin wani abu ba sai yashi da gishirin teku, sai ga ni ina jan mayafi saboda sanyi a tsakiyar bazara. Ƙauyen da muka sauka gidajensa na dutse ne, gonakinsa hawa-hawa kamar matakala. Da safe gajimare yakan sauko har ƙofar ɗaki, ka miƙa hannu ka ji shi da laima. Birai manya masu jan gindi suna zaune a kan duwatsu suna kallon mutane kamar su ne masu garin. Aka sauke mu mata a wani ɗaki, baffa ya tafi wajen maza, waɗanda yake ɗaukar kayansu, suna ce masa ɗan Jidda.

Washegari bayan ta idar da lazimi, rana ta ɗan ɗago, Kaka ta ce in tashi mu taka. Muka bi wata 'yar hanya ta bayan gonaki har muka iso wasu tarin duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa, an jera su nesa da juna. Muka wuce ta tsakaninsu, ba mu kawo komai a rai ba.

Abin da ke bayan duwatsun nan har yau ban ga irinsa ba. Ciyawa har gwiwa, a ƙasar Hijaz. Itatuwan ar'ar masu duhun ganye, tsofaffi, wasu sun karkace, ba wanda ya taɓa sa musu gatari. Furanni ƙanana rawaya da shuɗi. Ƙudan zuma kuwa gunjinsu ya cika wurin kamar ana karatu a nesa. Babu kashin akuya ko ɗaya a ƙasa, babu kututture. Kaka ta tsaya cik. Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta taka raɓa da tafin ƙafarta. Na ga hawaye yana bin zanen kumatunta. Ta ce: "Ke, kin ga dajin garinmu da damina? To ga shi nan, sai dai namu babu wannan hawa."

Daga baya na san sunan wurin. Hima ake ce masa. Yanki ne na dutse da mutanen ƙauye suka haramta wa kansu tun kakanni. Ba a sare ice a ciki, ba a karya reshe, ba a shigar da dabba sai sun yarda, saboda zumarsu da kuma shekarar fari. Suna tsaronsa bi da bi. Wanda ya keta, in nasu ne ko na baƙonsu, babban namijin gidansu zai tsaya gaban jama'a ya amsa laifi, ya yi yanka ya ciyar da gari. Baffa ya san wannan sarai. Bai gaya mana ba, don bai so a ce tsohuwar ta fita daga ɗaki ma.

Ita kuwa Kaka, a saninta daji na Allah ne. Duk wanda ciwo ya kama nasa, ya shiga ya ɗebi magani. Can ta hango wata bishiya mai fararen ƙayoyi, ta yi hamdala da ƙarfi. Ta ce farar ƙaya ce, ko 'yar'uwarta, sassaƙenta shi ne maganin zawon haƙori. Ta je gabanta ta yi mata sallama kamar mutum, ta yi bisimilla, ta fito da gizago. Ta sassaƙi kaɗan ta gabas, ta zagaya ta sassaƙi kaɗan ta yamma, yadda aka koya mata a gida. Sannan ta ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shafe raunin biyu don kada bishiyar ta ji ciwo. Duka abin bai cika tafin hannu biyu ba.

Tana ƙulle shi a bakin zane muka ji tsawa daga sama. Wani saurayi ne da sanda, yana gangarowa yana tsalle daga dutse zuwa dutse. Bai taɓa mu ba, amma ya karɓe gizagon, ya tasa mu gaba. Kaka tana ta ce masa "dawa, dawa, walad marid," wato magani ne, yaro ba lafiya, shi kuwa ko waiwaye.

A filin gaban masallacinsu aka tsayar da mu. Maza suka taru, yara suka hau katanga. Dattijon garin, wani siririn mutum mai jan gemu na lalle, yana zaune a kan dakali. Aka ajiye gizago da sassaƙen a gabansa. Kaka tana tsaye, takalmanta har lokacin a hannu, laka a yatsunta. Ba ta tsorata ba. Ta raɗa mini cewa bari Auta ya zo ya yi musu bayani da harshensu.

Ya zo. Na ga lokacin da ya ratso mutane da farar jallabiyarsa, ya dubi sassaƙen, ya dubi zanen fuskar uwarsa, ya dubi abokan cinikinsa. Dattijon ya tambaye shi cikin natsuwa, wace ce wannan a wurinka?

Baffa bai dube ta ba. Ya ce: "Hadi shaggala indana, ya sheh. Takruniyya miskina, ma tifham." 'Yar aiki ce a gidanmu, baƙar tsohuwa abin tausayi, ba ta gane komai.

Larabcin Kaka a karye yake, amma wannan kalma ta shaggala ta san ta kamar sunanta. Da ita aka yi ta kiranta a ƙofofin bayan gidajen mutane, shekarun da take wanke musu kaya don ta saya wa wannan mai maganar abin sawa a baki. Ina riƙe da hannunta a lokacin. Na ji ya yi sanyi, sannan ya saki nawa.

Dattijon ya daɗe yana kallonsu su biyun. Sannan ya ce tunda 'yar aiki ce baƙuwa, ba a kama jahili da abin da bai sani ba, shi ke nan, a ba ta kayanta, har da sassaƙen tunda an riga an cire. Mutane suka watse. Kaka ta duƙa ta sa takalmanta ɗaya bayan ɗaya. Ta koma ɗaki ta dafa sassaƙen, ta tace, ta ɗura wa yaron da hannunta. Allah cikin ikonsa, kafin mu bar dutsen yaron ya soma wasa. Ba ta taɓa haɗa jikan da laifin ubansa ba, wannan zan shaide ta a kai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya wa kowa ba. Mahaifina ma daga bakina ya ji. Ya tashi zai fita da sanda, ta ce ya zauna. "Bashina ne," in ji ta. "Ni zan karɓa."

Juma'ar da ta biyo baya baffa ya zo gaisuwa, ɗauke da kwandon inabi. Ya yi sallama. Ba a tambaye shi ko ya ci abinci ba. Sai ga Kaka ta fito da sauri, ta rusuna, ta ɗauke takalmansa ta karkaɗe da bakin mayafinta, ta jera su a gefe. Ta ce: "Ahlan ya sidi. Tafaddal ya sidi." Sannu da zuwa ubangidana. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa a kofi da hannu biyu, ta koma bakin ƙofa ta tsuguna a ƙasa, kanta a sunkuye.

Ya ce: "Iya, mene ne haka? Don Allah, Iya."

Ta ce: "Na'am ya sidi?"

Tun daga ranar ba ta sake yi masa Hausa ba, ba ta sake ce masa Auta ba. Da kowa tana hira tana raha, tana tsokanar saƙƙa, tana yi mini tatsuniya. Shi kaɗai ne idan ya shigo sai ta miƙe tsaye. In ya zauna a tabarma, ta sauka ƙasa. In ya sauka ƙasa don ya daidaita da ita, ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta hau share gabansa. Ranar Salla ya zo da abokansa 'yan unguwa, ta ɗauko jallabiyarsa ta waje da ya rataye ta tsoma a ruwa ta hau cuɗawa a gabansu. Ya tsaya da 'yar shara yana kallo, su kuma suna kallonsa.

Da aka haifa masa na biyu, ranar suna, ta shirya tun da safe muka tafi gidan bulon. Ba ta bi ta ƙofar gaba ba. Ta zagaya baya inda mata 'yan aiki ke wanke tukwane, ta ɗaura ɗamara ta zauna a cikinsu. Dangin matarsa da suka zo daga Makka suka yi ta neman uwar miji su gaishe ta. Wata ta leƙo ta tambaye ta ko ta ga Hajiya. Kaka ta ɗago da kumfa a hannu ta ce ita shaggala ce, a tambayi maigida. Kafin la'asar babu gidan Bahaushe a Nuzla da maganar ba ta shiga ba, alhali ita ba ta buɗe baki ta ba da labarin dutse ba ko sau ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, ina bayanta ɗari bisa ɗari. Alewar da yake kawo mini na daina karɓa. In ya shigo nakan zauna inda zan ga fuskarsa sosai, don in ga lokacin da "ya sidi" za ta sauka a kansa. Kowane karo sai ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan zafi, ni kuma in ji wani sanyi a ƙirjina. Ni ce na riƙe hannun nan da ya yi sanyi a gaban masallaci, ba wani ba.

An yi ta zuwa biko. Mahaifina da kansa, da ya huce, ya roƙe ta. Limamin unguwa ya zo ya zauna ya yi mata nasiha a kan falalar yafiya. Ta saurare shi har ya gama, ta ce: "Malam, na zage shi? Na tsine masa? Wallahi ko wace salla sai na roƙa masa tsawon rai da lafiya. Shi ya faɗi matsayina a gaban mutane, ni kuma na tsaya inda ya ajiye ni. Ina laifin?" Liman ya shafa gemu ya tashi. Daga baya ta gaya mini dalilin da ya sa ba za ta tsine masa ba. Ta ce wanda uwa ta tsine wa lalacewa yake yi, hankalinsa ya gushe, ya daina jin komai. Ita kuwa tana son sa da hankalinsa cif.

Shekaru suka shige a haka, har na zama budurwa. Baffa ya ƙara arziki, ya sayi ƙaramar mota, amma ya rame, furfura ta fito masa da wuri. Bai daina zuwa ba kowace Juma'a, wannan ma zan shaide shi. Ya kawo mata kaya, ta karɓa ta ce Allah ya ƙara wa ubangida girma, ta rabar. Ya yi umra ya roƙi Allah. Ya durƙusa ya kama ƙafarta, ta janye tana cewa "aib, ya sidi," bai dace da kai ba. Ba ta taɓa gaya masa abin da take so ya yi ba. Shi da kansa ya gane, da ya ga ƙafafunta sun soma kumbura, numfashinta ya soma gajarta. Ya zo ya ce yana so ta raka shi dutse. Ta ce in maigida ya ce a tafi, ai sai a tafi. Ta dube ni ta ce in ɗauko buta.

Lokacin an fasa sabuwar hanya, mai lanƙwasa tana hawa fuskar dutsen, mota ta bi ta kamar tana hawa bango. Raguna biyu a ɗaure a baya suna ta kuka. Ƙauyen yana nan, sai dai hima ta ragu. An ce hukuma ta buɗe makiyaya ga kowa, awaki sun cinye gefenta, na ga kututture a inda da babu. Amma mutanen garin suna riƙe da tsakiyarta, tarin duwatsun nan an matsar da su ciki an sake shafa musu fari.

Bayan azahar maza suka fito daga masallaci. Dattijon yana raye, gemun ya koma fari fat, ana riƙe da hannunsa. Baffa ya roƙi a tsaya. Ya kamo hannun Kaka ya kawo ta tsakiyar fili, ya cire ƙyallen kansa ya ajiye a ƙasa, ya sumbaci goshinta. Ya ce da su, shekarun baya ya yi ƙarya a wannan wuri. Wannan matar ba 'yar aikinsa ba ce. Uwarsa ce da ta haife shi, ta goyo shi ta ƙetaro teku. Ga yankan da ya kamata ya yi tun a lokacin, ga shi kuma tsaye yana amsa laifi.

Dattijon ya juyo wajen Kaka ya ce: "Sahih, ya hajja?" Gaskiya ne?

Ta dubi baffa tun daga kai har ƙafa, a hankali, kamar mai duba kayan da ba za ta saya ba. Sannan ta amsa da karyayyen Larabcinta, da ƙarfi yadda yaran kan katanga ma za su ji. Ta ce tana da ɗa, ta hau dutsen nan da shi shekarun baya, a filin nan ta baro shi, ba ta sauka da shi ba. "Hada," ta nuna shi da haɓa, "sawwag." Wannan direba ne.

Wani daga baya ya ce la haula. Baffa ya tsaya da kai a buɗe. Mutum mai 'ya'ya, mai motoci, sai ga hawaye yana zuba a gaban mutanen da ya yi shekaru yana gyara jallabiya dominsu. Ba wanda ya matsa ya taimake shi. Kaka ta bar shi a tsaye. Ta gyara mayafinta, ta kalli gajimare, ta kalli birai a kan dutse, ba ta gaggauta ba. Ni kuwa ina gefenta, ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Da ta ga ya isa, sai ta ce da dattijon, ragunan dai a yanka, bishiyar da ta sassaƙa tana bin ta wannan.

Aka yanka, aka dafa da shinkafa. Matan garin suka zaunar da ita a kan shimfiɗa mafi kyau, suna ta ce mata ummi. Rabon da in ga ta ci abinci kamar na ranar har na manta. Ta ci nama, ta lashi zumar hima da yatsa, ta nemi ƙari.

Da la'asar muka kamo hanya. Baffa yana tuƙi, idanunsa jajur. A wata lanƙwasa inda ake hango ƙasa can ƙasa kamar tabarma, Kaka ta buga bayan kujerarsa, ta yi masa magana da Hausa, karo na farko tun waccan shekara.

"Tsaya nan in yi salla."

Ya taka birki har muka yi gaba. Ya fito da gudu ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi butar daga hannuna, ya durƙusa yana zuba mata ruwa. Ta yi alwala a natse. Da ta zo wanke ƙafa ta ce, ba tare da ta dube shi ba: "Ka ji yadda take ko?"

Ya ce: "Na ji, Iya."

Ta ce: "To. Na lahira na yafe maka, kada ka tsaya gaban Allah da nauyina. Na duniya kuwa na rama, kuma ya yi mini daɗi. Zuba ruwan sosai."

Ta rayu bayan haka har damina biyu ta Jidda, in za a kira 'yan kwanakin ruwan nan damina. Tana yi masa Hausa, tana cin abin da ya kawo, tana yi masa faɗa in ya makara. Shi ya ɗauki gaban makararta. Amma Auta, ban sake jin ta daga bakinta ba. Ya jira, na san ya jira, har ranar ƙarshe yana sa kunne.

Yanzu ina zaune a unguwar Safa a nan Jidda, a hawa na uku, gidan ɗana. Ruwa a bango yake, sanyi ma a bango. An kai ni dutsen nan bara. An kewaye wasu wurare da waya, an kafa alluna, akwai masu gadi da kaki, akwai wasu akwatuna da ke ɗaukar mutane a kan igiya su sauko da su kwari. Birai sun koma bara a bakin titi, ana jefa musu biskit ta taga. Ban gane ƙauyen ba, ban kuma nemi a kai ni ba. Jikokina suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, ban hana su ba, nan ne garinsu. Sai dai kwanan baya a babban kanti ina kiran babbansu ya zo ya ɗauko mini gero daga inda aka jera shi, sai ga abokansa. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce: "Sitti, bil arabi." Kaka, yi da Larabci.

Na ajiye kwandon sayayyata a ƙasa. Na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan na ɗaga murya, da Hausa, na ce ya kira abokan nasa su zo nan su gaishe ni, ya kuma gaya musu da bakinsa ko ni wace ce. Ya kira su. Ya faɗa. Na sa ya maimaita, don na ƙarshen bai ji da kyau ba.